Irin da Malam Jaji Ya Tsince

Duk wanda ya taɓa noman shinkafa a fadamun Miga ya san Malam Jaji da abu guda: ba ya haɗa iri. Idan ka tsaya a bakin gonarsa lokacin da shinkafa ta fid da kai, sai ka rantse da almakashi aka bi ta aka daidaita. Duk zangarniyar da ta ɗara 'yan'uwanta tsawo, ko ta riga su nuna, ko ta yi ja a cikin farare, to kwananta ya ƙare. Zai naɗe wando ya shiga ruwa ya tumɓuke ta, yana yi mata faɗa kamar tana jin Hausa. Manoma daga Jahun da Taura sukan zo neman iri a wurinsa, shi kuwa ba ya ko ɓoye jin daɗinsa. Sai ya zuba musu a faifai ya ce su tona, in sun ga bare ko ƙwaya ɗaya su gaya masa.

To, mai irin wannan hali ne Allah ya haɗa da Inna Kubura, aure ya haura shekara arba'in. 'Yar makiyaya ce, a ruga ta tashi, gajeruwa, baƙa, 'yar firit, ga baki kamar reza. Kuma duk cikin tsirran duniya babu wanda take so kamar lallaki, wato shinkafar dajin nan da ke fitowa da kanta a bakin tafkuna, mai ƙananan ƙwayoyi da dogon gashi mai tsini a kan kowace ƙwaya. Ita ce ciyawar da Malam Jaji ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da ita a gona. Shi ya ce ciyawa, ita ta ce abinci, a haka suka haifi 'ya'ya suka aurar.

Tana da dalilinta. A shekarun farin da ya cinye musu shanu, mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Dada, da lallaki ta riƙe su. Takan fita da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ta shiga wani tafki da ke kusa da rugarsu, ta riƙa wurga ƙwarya a kan zangarniyoyin hagu da dama, nunannun ƙwayoyi na zubowa ciki. Tun daga nan danginsu ke kiran wurin Tafkin Dada. Yanzu tafkin yana ƙarshen gonar Malam Jaji, amma lallakin ya daɗe da ɓacewa, domin ruwan da ke gangarowa daga gonakin sama yana zuwa da maganin feshin ciyawa. Inna Kubura ta dame shi da mita har sai da ya yi wa tafkin ganuwar ƙasa ta wajen gangaren, yana yi yana cewa shi dai ya ga ta kansa.

A lokacin yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga mutum dishi-dishi. Duk da haka, da kaka ta yi, ta sa shi ya riƙa goya ta a babur suna bin ragowar tafkunan da ke da lallaki. Shi ya zauna a inuwa yana gunaguni, ita ta shiga ruwa tana lalube da yatsu. Ta tara cikin babbar ƙwarya guda, ta rufe da faifai, ta ɗora a kan jerenta. Ɗaya daga cikin tafkunan ma, na bakin titi, rani bai ƙare ba aka cike shi da jar ƙasa aka fara gini.

Da bazara ta kawo kai, autarsu Zulfa, wadda ke aikin binciken tsirrai a jami'a a Dutse, ta zo ɗaukarta a yi mata aikin ido. Ana ɗaure kaya Inna Kubura ta lalubo ƙwaryar ta danƙa masa.

"Malam, ga amana. Ruwan farko na sauka, ka je ka watsa a Tafkin Dada. Yadda take ɗin nan za ka watsa ta."

"Yanzu ni za ki koya wa shuka, Innar Zulfa?"

"Ni wa? Na isa?" Ta yi dariya, sannan ta sassauta murya. "In Allah ya sa aka buɗe min idon nan, abin da nake so in fara gani ke nan. Tafkin ya yi ja kamar yadda na bar shi ina budurwa."

Ya ce an gama. Ya raka su har bakin hanya, ya tsaya sai da motar ta ɓace, sannan ya dawo gidan da ya yi masa faɗi.

Washegari ya ɗaga faifan. Abin da ya gani ya sa shi salati. Ga ja, ga baƙa, ga ruwan ƙasa. Wata siririya, wata 'yar dunƙule. Wata gashinta ya kai ɗan yatsa, wata guntu. Ya juya da hannu, ya sake juyawa, sai tausayi ya kama shi har idonsa ya ciko. Ashe lalacewar idon ta kai haka bai sani ba! Matar da a da take hango saniyarsu a cikin garke tun daga nesa, yau ita ce ta kwaso tarkace tana zaton iri ne. Bai taɓa kawo wa ransa cewa da gangan ta yi ba, don a saninsa babu mai hankalin da zai haɗa iri da gangan. Nan take ya yanke shawara: tunda idonta ya gaza, shi zai zama idonta.

Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya jera faifai biyu, ya hau tsinta. A cikin tarkacen akwai wata fara-fara mai ƙiba, wadda ta ɗan yi kama da shinkafar kirki. Ita ya zaɓa. Ƙwaya-ƙwaya yake ɗauka, gashin yana sukarsa a ƙarƙashin farce, yana tsaki yana ci gaba. Ya yi kwanaki a haka, har wuyansa ya ƙage.

Abokinsa Ɗan'inna, wanda tun suna yara ba ya wuce shi bai tsokane shi ba, ya tsaya a kansa ya ce, "Ikon Allah! Malam, ciyawar ma sai an tantance mata dangi?"

"Wuce ka ba ni wuri. Kai da gonarka ta zama kasuwar Jahun, kowa da kowa."

"Oho dai. Uwargida ta tafi, tsoho ya rasa aikin yi."

Da ya gama, farar ta cika ɗan ƙoƙo, tas da ita, abin sha'awa. Ragowar kuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba. Zubar da abinci ba halinsa ba ne, don haka ya zagaya bayan gida, bakin kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, inda agwagin Inna Kubura ke wuni, ya juye musu. Agwagin suka rugo, suka caccaka, gashin ya soke su a maƙoshi. Suka kaɗa kai, suka tattake abin cikin taɓo, suka yi tafiyarsu. Ya ce da su marasa godiya, ya koma gida.

Ruwa ya sauka, Malam Jaji ya watsa farar a Tafkin Dada. Ta kuwa fito kamar an roƙa, kai ɗaya, tsawo ɗaya, kore shar. Kullum in ya taso daga gona sai ya biya ya tsaya yana kallo, hannu a baya. In sun yi waya sai ya ce, "Tafkinki dai sai kin gani," ba ya ƙari, wai shi a dole zai ba ta mamaki. An yi mata ido ɗaya lafiya, likita ya ce ɗayan sai na farkon ya warke sarai, Zulfa kuma ta ce ba za ta bar ta tana zirga-zirga a hanyar damina ba. Ta zauna a Dutse tana ƙorafin cewa ruwan famfo ba shi da ɗanɗano.

Cikin watan Agusta kogi ya tumbatsa. Ruwa ya shigo fadama ya haye ganuwar, tafkin da ke iya gwiwa ya koma iya ƙirji, ya kuma ƙi janyewa. Malam Jaji ya shiga har wuya yana laluben lallakin, yana ɗago ganye sama kamar hakan zai hana shi nutsewa. Farar nan ta bakin gaɓa ce, ba ta san zurfi ba. Da yake duk tsawonsu ɗaya, tare suka nutse. Da ruwan ya ja baya, babu abin da ya rage sai baƙin ruɓaɓɓen ganye da wari.

Gonarsa ma ta taɓu, amma ko ta kanta bai bi ba. Ya hau tudun makarantar firamare inda waya ke kamawa sosai, ya kira Zulfa, ya ce ta matsa daga kusa da Innarta. Ya zayyana mata komai, har da tsintar.

Zulfa ta ce, "Wayyo Baba. Ai da gangan ta haɗa."

"Da gangan? Ja da baƙi da fari?"

"Shi ne abin da muke bibiya a wurin aiki. Kowane tafki da danginsa, a cikin dangin ma kowace da halin da ta gada. Wata in ruwa ya taso sai ta miƙe ta bi shi. Wata tana saurin nuna, ko ruwa ya ɗauke da wuri ta riga ta zubar da 'ya'ya. Wata ciwon ganye ba ya kama ta. A gona kai ne kake lura da shinkafa, Baba, ka ba ta ruwa ka rage mata. A tafki babu kowa, sai wadda shekarar ta yi wa daidai ta riƙe gidan."

Ya share zufa da hularsa. "To ku ba ku ajiye ko kaɗan ba a firjin adana iri na wurin aikin naku?"

"Na roƙe ta in ɗiba, ta ce sai ya yi yawa a tafki tukuna."

"Kada ki gaya mata."

"Ba zan fara ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan iya yi mata ƙarya ba."

Ya sauko daga tudun ya nufi gida. Baƙin cikin ba na iri ba ne. Matar nan ba ta taɓa roƙonsa zane ko ɗan kunne ba. Abu ɗaya ta roƙa, shi ma ba don ciki ba, don ido, ya kuwa lalata shi da hannunsa yana ganin gwaninta yake yi. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ko Ɗan'inna da ya ga yadda ya zabge sai ya rage tsokana, ya koma kawo masa goro.

Damina ta ja baya, aka yi ido na biyu, aka sa ranar dawowa. Tunda babu tafkin da zai nuna mata, ya ce bari aƙalla ta tarar da gida fes. Ya sa aka yi yaɓe, ya gyara dangar awaki, ya wanke randa. Daga nan ya tuna da bayan gida, inda tun saukar ruwa bai leƙa ba. Ya ɗauki lauje ya zagaya, ya tarar kududdufin ya cika da ciyawa har ba a ganin ruwa. Ya yi tsaki, ya sunkuya, ya damƙi cikin hannu zai yanke. Sai wani abu ya soke shi a ƙarƙashin farce, daidai inda ya sha suka a gindin darbejiya.

Ya buɗe hannun a hankali.

Bai taɓa ganin shuka mai muni irin wannan ba. Wasu dogaye sun bi ruwan ambaliya sun yi sama, da ya janye suka kwanta a kan 'yan'uwansu suka sake ɗago kai. Wasu guntaye a gefe sun riga sun nuna har sun fara zuba. Wasu ko ciki ba su yi ba. Jan gashi, baƙin gashi, kowa da inda ya fuskanta. Malam Jaji ya ajiye laujen can nesa da shi kamar zai yi yankan da kansa, ya zauna a kan taɓo, ya yi ta hamdala hawaye na bin gemunsa.

Daga ranar gari ya samu abin magana. Malam Jaji, sarkin tsabtar iri, ya kewaye kududdufi da ƙaya, ya ɗaure agwagi, ya kafa rumfa yana korar tsuntsayen jan-baki da gwangwani. Ɗan'inna ya samu lafiyar bakinsa, ya riƙa tsayawa daga nesa yana cewa, "Sannu da gadin ciyawa, Malam! In an girbe a sa ni a layin iri." Malam Jaji dai ya ci gaba da kaɗa gwangwaninsa. Abu ɗaya ne ya hana farin cikinsa cika. Ya duba iya dubawarsa bai ga farar nan mai ƙiba ba, kuma ya san daga tafkin bakin titi ta fito, wanda yanzu bulo ke kansa. Wadda ya fi so ita ya tattara wuri guda ya hallaka.

Ranar dawowa, Keke Napep ya sauke su da hantsi, ita da Zulfa. Ta fito da baƙin tabarau, tana taku da ƙarfi ba mai riƙe mata hannu. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Malam, mu je."

Ya so ya fara kai ta bayan gida, amma ya ga hakan wayo ne, ita kuma ba a yi mata wayo. Suka bi kunyar gona, yana gaba tana biye, Zulfa ta tsaya a gida. Da suka isa, tafkin na nan shimfiɗe, ruwa ne zalla sai 'yan ganyen bado. Ta cire tabarau ta duba gabas, ta duba yamma. Ya tsaya a gefenta ya faɗa mata abin da ya yi, bai rage komai ba.

Ta ci gaba da kallon ruwan. Da masifa ta yi da ya fi masa sauƙi. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na ce maka yadda take."

"Kin faɗa."

"Da yatsuna na zaɓo su, Malam. Kowace na san ta."

"Na ɗauka idon ne."

Ta mayar da tabarau, ya ga hawaye na gangarowa ta ƙarƙashinsa. Ya ce, "Zo ki ga wani abu. Ba Tafkin Dada ba ne, kuma ba aikina ba ne, aikin agwaginki ne."

A bakin kududdufi ta sake cire tabarau. Rana ta bugi jan gashin nan yana ta ƙyalli. Ta dafe ƙirji. Sai ga ta ta tuɓe takalmi ta ɗage zane ta taka cikin taɓo, Zulfa na kiran "Inna, likita fa ya ce," ita ko a jikinta. Ta riƙa kamo su ɗaya-ɗaya tana gaishe su. Wannan doguwar ta tafkin hanyar Taura ce, ita ce mai bin ruwa. Wannan baƙar Dada ta fi so, don ta fi daɗin fate. Wannan guntuwar mai gaggawa ce, ba ta jiran kowa. Ta juyo ta dube shi, karo na farko cikin shekaru da ta ga fuskarsa sosai.

"Waɗannan ne ka ba agwagi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Gajeru, baƙaƙe, masu tsini." Ta kaɗa kai, dariya na neman ƙwace mata. "Allah na gode maka da ba ka zo rugarmu da faifai ba. Da ni ma agwagi ka ba."

Zulfa ta toshe baki da mayafi ta juya baya. Malam Jaji ya so ya yi dariya, abin da ke ransa ya hana shi. Ya ce, "Farar ce babu, Innar Zulfa. Ta bakin titi. Na tsince ta tas, ban bar ko ƙwaya ba. Ta tafi ke nan."

Ta ƙara kutsawa ta gefen da ruwa bai da zurfi, tana buɗa ganye da hannu biyu, tana duban da ta yi shekaru ba ta yi ba. Sai ta tsaya. Ta kamo wata zangarniya ta lanƙwaso ta wajensa, ƙwayoyinta fari-fari, masu ƙiba.

"Wannan fa?"

Ya matso, ya ƙanƙance ido.

"Ga wata. Ga wata can bayanka, har ka kusa taka ta." Ta saki zangarniyar ta tako har gabansa, ta ɗaga kai ta leƙa cikin idonsa, na dama, sannan na hagu. Ta ga ɗan farin da ya fara taruwa a tsakiya. Muryarta ta yi laushi. "Ka tsince tas, ko? Malam, tun yaushe kake ganin hazo ba ka faɗa ba?"

Ya buɗe baki zai musa, ya tuna kwanakin da ya yi a gindin darbejiya yana kai ƙwaya har kusa da hanci. Shekara da shekaru yana alfahari da idon da bare ba ya tsere masa, yau ga shi gazawar idon ce ta tsirar da abin da ƙwarewarsa ta kashe.

Zulfa ta matso ta ce, "Baba, sai ka shirya mu koma tare. Likitan da ya yi wa Inna yana nan, mako mai zuwa ma zai iya duba ka."

Inna Kubura ta ɗaga hannu, taɓo na ɗiga daga gwiwar hannunta.

"A'a. Ba yanzu ba." Ta miƙa masa hannun ya jawo ta waje, ba ta kuma saki ba. "A bar min shi haka tukuna, sai mun tara irin nan mun watsa a Tafkin Dada. Bayan nan a gyara masa."